Fuskar Kaka a Tafin Hannuna

Ranar wata Alhamis, washegarin ranar da aka ba mu hutun aji uku na firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Hausari ina wanke-wanke, sai na ji ƙararrawar keken Malam Bukar mai hoto. Babana ne ya kira shi. Goggona da ke aure a Chadi ta yi shekaru rabonta da mahaifiyarta, wato Kakata, har ta aiko cewa ko hotonta ne a kai mata. Direban da zai kai saƙon da la'asar zai tashi, don haka babu zancen hoton da za a jira wanki. Malam Bukar yana da kyamarar da ke tofo hoto nan take, amma tun daga zaure ya faɗa cewa takarda ɗaya tak ta rage masa.

Ban taɓa ganin mutum mai saiɓi irinsa ba. Kaka ta sha lafaya, an zaunar da ita a kujerar Baba, Malam Bukar ya ce sam. Ya sa aka mayar da ita tabarmarta ta kullum a gindin bishiyar maina, ya aike ni in ɗebo garwashi a kasko, aka zuba turaren wuta a gefenta. Sannan ya tsuguna yana kallon yadda rana ke ratso ganye tana sauka a kan tsagar kumatunta. Baba sai duba agogo yake yi, ni kuwa kamar in fizge kyamarar in danna da kaina. Sai da ƙanena ya taka ruwan wanke-wankena santsi ya kwashe shi, Kaka ta kece da dariya, sannan muka ji ƙyas!

Takardar ta fito toka-toka, babu kowa a cikinta. Kaka ta juya ta ta duba bayanta. "To, shi ke nan," ta ce, "ko ƙarfe ma ya daina ganina. Tafiya ta zo." Malam Bukar ya miƙa hannu ya karɓa. Ya ɗora takardar a tafin hannuna, ya ce kada in kaɗa ta, in dai yi mata inuwa. Ina kallo, gindin maina ya fara bayyana, sai hayaƙin turare, sai ruwan lafayar ya taso a hankali. Can sai ga idanun Kaka, ga haƙoranta jajaye da goro, tana dariya a cikin hannuna. Na miƙa wa Kaka hoton.

Kaka ta daɗe tana kallonsa dab da ido. "Ashe haka nake dariya?" ta ce. Na yi ta magiya a bar mana shi, a wanko wa Goggo wani, Malam Bukar ya ce irin wannan hoton ba shi da ɗan'uwa. Kaka da kanta ta naɗe shi a hankici ta miƙa wa direba.

Hoton bai sake tsallako iyaka ba, Kaka kuma ba ta sake zama gaban mai hoto ba har ta rasu. Yau wayata cike take da hotunan da ban ma tuna ranar da na ɗauka ba, kuma ina kewar wancan ɗayan ƙwarai. Idan 'ya'yana suka ce in nuna musu Kaka, ba ni da abin nunawa. Sai dai in ce musu na ga fitowarta da idona.