Rawar Tela Da Na Cire Daga Fim

Ba a daɗe da komawar sojoji bariki ba na sa kwamfuta a shagona na Ƙofar Kaura, na fara tace finafinai, wato yankawa da haɗawa. Ba yabon kai ba, a lokacin in ka ɗauko fim a unguwanninmu, ko dai ka zo wurina, ko ka hau mota sai Kano.

Wani abokina darakta ya kawo mini kaset shida na fim ɗinsa na farko. Jarumin tela ne daga Gobarau, dogo mai wushirya. A fim ɗin ma tela ya fito, don keken ɗinkinsa ba sai an yi haya ba. Ina tsakiyar aikin sai Allah ya yi wa jarumin rasuwa, zazzaɓin kwana biyu kacal.

Bayan sadakar bakwai sai ga mahaifinsa, dattijon malami, a bakin shagona. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya. Sai da ya amsa har ƙarshe sannan ya ce, "An ce mani akwai inda yaron nan ya yi rawa. Ka hidda mani ita. Yana kwance a kabari, kada a riƙa kunna shi yana tsalle a ɗakunan mutane, ana rubuta mashi zunubi."

Na ce, "An gama, Malam."

Da daraktan ya ji, sai ga shi yana kumfar baki. Wai 'yan kasuwar Kano ba sa karɓar fim babu waƙa, wai wa ya aike ni. To ni ma ba kanwar lasa ba ne. Na ce, "Kai, rufe mini baki! Waƙa ka ce ko rawa? Waƙarka tana nan, minti huɗu cif. Ba ni kwana uku, in ba ta yi ba ka kwashe tarkacenka."

Na san abin da na taka. Mai riƙe musu kyamara mantau ne, ko an ce a yanke ba ya kashewa. A cikin ragowar da za a zubar na tsinto marigayi zaune kan kekensa lokacin hutu, yana ɗinka rigar da jarumar fim ɗin za ta sa. Ga ƙafarsa tana taka keke, ga shi yana tsinke zare da haƙori, ga shi ya ɗaga rigar yana dubawa a haske. Na jera su a kan waƙar, duk inda ganga ta buga, nan allura ke sauka. Daraktan ya kalla har sau biyu, ya sosa ƙeya ya ce, "Kai dai ba ka da dama."

Ranar Juma'a bayan la'asar Malam ya dawo, na kunna masa. Ya kalli ɗansa yana ɗinki har waƙar ta ƙare, sannan ya ce, "Ita rawar tana ina?"

Na ce, "Na shafe ta daga kaset, saura wadda ke cikin kwamfuta. A gabanka zan goge ta."

Na miƙa hannu ke nan ya riƙe mini shi.

"Dakata. Kunna in gani sau ɗaya."

Na kunna. Ga yaron cikin farin kaftani, yana kuskuren taku yana ƙyaƙyata dariya, wushiryar nan a waje. Malam ko ƙiftawa bai yi ba. Wallahi tausayi ya kama ni, har na kau da kai ina kallon titi.

Da ta ƙare ya ce, "Shekara biyu rabona da ganin haƙoranshi. Tun da na yi mashi hwaɗa kan wannan harka, in na shigo gida sai ya sunkuyar da kai ya hita."

Ya share ido da bakin rawani ya ce, "To, goge."

Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata. Na dubi Malam, ya gyaɗa kai, na danna.