Kujerar da Ta Riƙe Zaman Baba

Ana sallame sallar asuba muka bar Gyaɗi-Gyaɗi, ni da Inna, za mu kai motar marigayi Baba wurin mai saye a Zariya. Inna ta ce ganinta kullum a gareji yana fama mata ciwo, gara a rabu da ita. Muka biya Tarauni muka ɗauki tsohon abokin Baba, mutumin Kafancan da ya tsufa a tuƙin Fijo, don ya tuƙa mu. Gajere ne, sai da ya matso da kujera har sitiyari na gogar ƙirjinsa.

Kai, mota ta sha zagi! Tun daga Na'ibawa yake mita. Ƙarar da take yi in ba a ɗaura bel ba, wai ta fi ɗan sanda naci. Gilashin lantarki kuwa, in ya lalace sai dai ka gasu a ciki.

"Hajiya," in ji shi, "soja sun koma bariki, amma motar nan ba ta samu labari ba. Sai ba mutum oda take!"

Inna ta yi murmushi, rabon da in ga haka tun kwanciyar Baba a asibiti.

Hanya lafiya lau, shingaye sun ragu. A Kwanar Ɗangora muka sha shayi da ƙosai, wanda ya ƙanƙance tamkar goriba, kuɗinsa kuma ya hau. Da muka koma mota, direbanmu na laluben abin sauke gilashi, ya danna wani maɓalli daban. Sai kujera ta fara ja da baya da kanta, a hankali, ta ɗan kwanta, madubai suka juya. Ƙafarsa ta daina kaiwa ga birki.

Inna ta dafa bayan kujerar. "Zaman Alhaji ke nan," ta ce. "Haka yake miƙe ƙafa."

Ashe motar ta riƙe tsawon Baba. Wallahi sai da na yi kuka.

Direban ya cire hula, ya ce mai saye yana shiga zai goge wannan ya sa nasa. Inna ta ce a juya gida.

Kafin azahar muna gida. Na koyi daina saurin kiran abu tarkace. Tsohon da ya yi ta zagin maɓallai shi ya nemo salatif ya rufe wannan ɗin, kada wani ya taɓa.