Malama Lauratu Yammedi da Sunayen da Ta Ƙi Faɗa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Lauratu, wadda ta ƙi ba mai shela sunayen tsofaffi arba'in da uku, a shekarar 1926 a Yammedi ta ƙasar Karaye. Mahaifinta Malam Ɗantala manomin gyaɗa ne, sunan mahaifiyarta Mariya. Ta sauke Alƙur'ani a 1939 a makarantar Malam Lurwanu, amma ba ta san boko ba sai a 1955, lokacin da ta shiga ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayanta, matan unguwa suna yi mata dariya.

Aure da Iyali

A 1941 aka ɗaura mata aure da Maharazu, wani maɗinki a Tudun Kaya. Sun haifi 'ya'ya bakwai, ƙyanda ta ɗauki uku tun suna ƙanana. Allah ya yi wa mijin rasuwa a 1965, ba ta sake aure ba.

Aikin Kula da Tsofaffi

A 1968, shekara guda bayan kafa Jihar Kano, hukumar jin daɗin jama'a ta ɗauke ta aikin kula da gajiyayyun tsofaffi a ƙauyukan Karaye da Rogo. Hukumar takan ba su dawa duk wata, da sabulu, da bargo lokacin sanyi, ta kuma kai marar lafiya asibiti.

Ba ta daɗe ba ta fahimci cewa waɗanda suka fi buƙata su ne ba sa zuwa. Dattijon da ya shekara arba'in yana fitar da zakka daga rumbunsa ya gwammace ya wuni da ruwa a cikinsa da a gan shi a layi, a ce 'ya'yansa sun kasa. Don haka ta riƙa bin su gida da sunan gaisuwa, da ƙwarya rufe da faifai kamar mai kai tsaraba. Malam Hamma na Gwangwan sai a zuwa na uku ya karɓa, shi ma da sharaɗi.

"'Yata, zan ci," in ji shi, "amma ranar da sunana ya fita, ki zo ki kwashe kayanki."

Ta yi masa alkawari, kamar yadda ta yi wa sauran. Adadinsu kawai take kai wa ofis, sunayen suna kanta.

Shekarar Fari

A 1973 damina ta ɗauke tun dawa ba ta fitar da kai ba. A watan Fabrairun 1974 aka turo sabon jami'i, Malam Sulle, da umarnin a riƙa rabo a fili ranar kasuwa, mai shela ya kira suna, mai sunan ya fito ya dangwala yatsa. Dalilinsa shi ne hatsin agaji yana salwanta a wasu wurare, kuma gaskiya ne. Ya nemi Malama Lauratu ta ba shi sunayen a gaban ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, ka biyo ni gida gida ka gani da idonka," ta ce.

"Malama, ni ba ɗan rakiya ba ne. Doka ce."

"To, amana ce a wurina. Ba zan faɗa ba."

Aka ba ta mako biyu. Ta zagaya ƙauyukan a ƙafa, ta durƙusa gaban kowannensu ta nemi izininsa. Goma sha biyu suka yarda, ta kai su kasuwa da kanta. Talatin da ɗaya suka ƙi. Malam Hamma cewa ya yi, "Saura nawa ne ya rage mini? Bar ni in tafi asirina a rufe." Ranar 18 ga Maris aka sallame ta daga aiki, aka dakatar da rabon waɗannan talatin da ɗaya.

Ƙarshen Rayuwa

Ta sayar da awakinta da keken ɗinkin mijinta ta sayi dawa, ta ci gaba da zagaye, amma abin bai kai ko'ina ba. A 1975 aka yi mata tayin komawa aiki idan za ta rubuta takardar neman afuwa, ta ce ba ta san laifin da za ta rubuta ba. Ta koma suyar ƙuli-ƙuli har ciwon ƙirji ya kwantar da ita.

Rasuwa

Ta rasu ranar Talata, 7 ga Nuwamba 1978, tana da shekara hamsin da biyu, aka binne ta bayan sallar la'asar a maƙabartar Tudun Kaya. Ta bar 'ya'ya huɗu: Sabi'u, Zuwaira, Ramatu da Khadijatu. Ba ta bar musu fansho ko gona ba. Cikin tsofaffin da ta riƙe sirrinsu, tara sun rasu kafin kakar 1974, har da Malam Hamma, kuma 'ya'yan mutum biyu daga cikinsu, da suka gano daga baya cewa ɓoye sunayen ne ya hana iyayensu rabo, sun ƙi zuwa jana'izarta. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.