Rantsuwar Buhun Taki

Saura kwana tara zaɓe motar taki ta shigo garinmu. Lungunanmu ba sa ɗaukar babbar mota, sai aka tsayar da ita a gindin tsamiyar da ke bakin masallaci. A lokacin ina koyarwa a firamaren garin, ina da mata da 'ya'ya uku, ina kuma noma 'yar gonar da Baba ya yanka mini. Gonar ta gaji. A wajenmu gona jingine take da gona, babu wanda ke da sararin barin ƙasa ta huta, in ba ka zuba taki ba dawa ko ƙugunka ba za ta kai ba. Sau biyu ina zuwa kasuwar Tsanyawa ina taya taki, ina dawowa hannu rabbana.

Baba shi ne limamin garin. Bayan la'asar mutanen ɗan takarar majalisar da ya aiko motar suka same shi a zaure, ni ma ina zaune. Jagoransu ɗan garinmu ne, a zauren nan muka yi karatun allo tare. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, buhu bibbiyu za a ba kowane magidanci. Sai dai maigida ya ce an sha cin amanarsa. Yana so kowa ya dafa Alƙur'ani cewa shi zai zaɓa, kuma a hannunka."

Baba ya ɗago kai ya dube shi. Ya ce, "Ƙuri'a shaida ce. Kana gaya wa jama'a wanda ka yarda ya riƙe musu amana. Ba zan riƙe Littafin Allah ana cinikin shaida a kansa ba."

"Malam, mutane na bukatar takin nan."

"To ku raba musu, ku bar su da Ubangijinsu."

Suka tashi ba sallama. Washegari aka mayar da rabon gidan jagoran, da nasu Alƙur'anin.

Baffana, ƙanin Baba, wanda ya yi shekaru yana neman ilimi a gabas, shi kuwa cewa ya yi Baba ma ya yi sassauci. A ganinsa zaɓen gaba ɗaya ba na Musulunci ba ne. "Yaya, hukunci na Allah ne, ba a ƙirga shi da kawunan mutane," in ji shi. Baba ya ce masa idan mutanen kirki duk suka naɗe hannu, wa zai zaɓa mana wanda zai kula da asibiti da rijiya? Ya ce shawara ai addini ne ya zo da ita. Kullum bayan sallar asuba sai sun yi wannan musun, har aka fara tsayawa saurare.

Ni dai a rana ta uku na bi ta bayan gari na shiga gidan jagoran. Na yi alwala, na dafa, na faɗi abin da aka ce in faɗa. Da na shigo da buhunan gida, matata ta dube su ta dube ni, ba ta ce sannu ba.

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓe, masallaci ya cika har waje. Samarin ɗan takarar suka jeru a bakin ƙofa, wasu da gora a hannu. Baba ya hau mumbari. Bai ambaci jam'iyya ko sunan kowa ba. Ya ce duk wanda ya shaidi mutumin da ya san bai cancanta ba, ya shirya amsar da zai bayar ranar gobe ƙiyama. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, mu sallah muka zo!" Sahu biyu suka miƙe suka fita. Ina sahun gaba, na kasa duban fuskar Baba.

Bayan an watse na bi shi zaure na faɗa masa rantsuwar da na yi. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kana ganin mutumin ya cancanta?"

"A'a, Baba. Shekara huɗu yana kan kujerar, ko rufin ajinmu da iska ta yaye bai leƙo ba."

"To ba a cika rantsuwa a kan saɓo. Ka karya ta, ka ciyar da miskinai goma. Kayansu kuma ka mayar musu."

Mayarwar ce ta fi ba ni tsoro. Da safiyar zaɓe na ɗora buhunan a baro. Ina fitowa na tarar da Baffa tsaye a ƙofar gida. Bai tambaye ni komai ba, ya jera da ni. Muka ratsa tsakiyar gari ana kallonmu. A ƙofar gidan jagoran samari suka kewaye mu, ɗaya ya taka ƙafar baron ya ce, "Malam, ka san abin da ka dafa kuwa?" Baffa ya ce, "Ya sani. Ku matsa." Jagoran ya fito, ya dube ni ya ce, "Har da kai?" Na sauke buhunan, muka juya.

Baffa ya raka ni har makaranta inda ake jefa ƙuri'a, ya tsaya can nesa ƙarƙashin darbejiya. Bai shiga layi ba, har yau kuma bai taɓa shiga ba. Sai da na dangwala na fito muka koma tare.

Ɗan takarar ya ci zaɓensa. Jagoran ya fi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata, wasu kuma suka koma bin Juma'a a ƙauyen gaba.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan zaɓen matata ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, na kirawo mutum goma. Cikinsu akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ƙafa ta hana shi noma sosai. Ya tambaye ni sadakar mece ce, na faɗa masa. Ya tsame hannunsa daga kwano.

"Ni ma na dafa," ya ce. "Kuma shi na zaɓa. Ya halatta in ci?"

Na ce ban sani ba, amma ya ci, in ya so gobe mu je mu tambayi Baba tare.