Lissafi Biyu na Jirgin Kawu

Shekaru sun ja, amma ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da aka zaunar da ni aka tambaye ni ko kuɗin gonar mahaifiyata za su isa a tsawaita jirgin kawuna ba. Tambaya ce mai amsa ɗaya, na kuma san amsar, sai dai abin da ya fito daga bakina daban.

Kawun nan yayan mahaifiyata ne, ɗan kasuwa mai kai wake da albasa Nijar ya dawo da atamfa. Da Allah ya buɗa masa, sai ya gina wurin shaƙatawa a bayan garin Isa, a hanyar da ta nufi Sabon Birni. Akwai lilo, akwai ɗakunan kwanan baƙi, sannan akwai abin da ya fi so duk a ciki, wato jirgi mai tafiya a kan dogo guda ɗaya, a bisa ginshiƙan ƙarfe. A wata tafiyarsa ƙasar waje ya ga irinsa, ya dawo ya hana wani mai walda na garinmu sakat har sai da ya ƙera masa. Tarago uku ne, da injin babur, yana zagaya filin a hankali yana ƙara. Kada ku raina shi. Ranar Sallah mutane daga Tozai har Burkusuma suke zuwa su yi layi, dattawa ma su hau suna cewa jikoki suka rako.

Ni a lokacin na gama difloma ta ƙiyasin kuɗin gini ke nan, ina hura hanci, biro uku a aljihun gaba. Kawu ne ya biya mini kuɗin makaranta tun rasuwar mahaifina. Wata safiya ya zo gidanmu, ya gaisa da Inna, ya juyo gare ni.

"Ɗana, so nike jirgin ga shi kai tasha. Baƙo shi sauka mota, shi hau jirgi, sai ga shi wurinmu. Kai munka sa boko, kai za ka yi muna lissahi."

Kuɗin aikin kuwa daga gonar fadamar da suka gada shi da Inna za su fito, wadda ba a raba ba. Shi bai damu da gonar ba, amma mu ita ce cinmu. Shinkafa da damina, albasa da rani. Inna ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan. In yac ce kuɗɗin gona sun isa aikin, na yarda a sai da, a ba ni rabona cikin jirgin. In yac ce ba su isa, ka yi haƙuri." Na ji kaina ya ƙara girma a ranar, ban san ɗaurewa zai yi ba.

Na fara da nisa. Duk wanda na tambaya sai ya ce ai tasha nan kusa ce. Kawu ya ce minti kaɗan ne a babur. Sai na taka da ƙafata ina ƙirga taku, na ware ginshiƙi ɗaya a kowane taku goma, ginshiƙai suka haura ɗari huɗu. Hanyar ta ratsa gonakin gero, ta tsallaka burtalin shanu, ta faɗa wani kwazazzabo da ke cika da ruwa duk damina.

Na je rumfar mai walda na same shi shi kaɗai. Bai ɓoye mini komai ba. "Malam, ginshiƙi guda, da ƙarhe nai da siminti nai, ya kai rabin kuɗɗin babur sabo. Ga burtali, raƙumi da kayan kara ba shi wucewa ƙarƙashi sai an ɗaga dogon ninki biyu. Injin ga kau na babur na, ba shi hawan tudu da mutane. Wanga aiki ba na mutum guda ba na." Na rubuta duka, na ninka, na ga ko gona goma irin tamu aka sayar ba za a kai rabin hanya ba.

Washegari Kawu ya kira mai waldan nan gabana ya yi masa tambayar. Mutumin ya durƙusa ya ce, "Alhaji, abu mai sauƙi na in Allah ya yarda. Abin da kab ba da, shi na." Na buɗe baki ina kallonsa. Na ce a raina ko dai jiya ban ji da kyau ba ne?

Haka aka yi da mai siminti. A bayan Kawu ya faɗa mini farashi mai tayar da hankali, a gabansa ya ce ai tsakaninsu ba ciniki. Masu gonakin da dogon zai ratsa suka ce wa Kawu gonakinsa ne, ya bi ta inda ya so. Kafin la'asar, mutum uku daga cikinsu sun same ni a ƙofar gida suna tambayar nawa ne diyyar. Cikin mako guda na tashi da lissafi biyu, ɗaya na gaban Kawu, ɗaya na bayansa. Na farko ya nuna kuɗin gona za su isa har a yi saura. Na biyu ko kallonsa ba na son yi. A makaranta an koya mana yadda ake ninka farashi da yawan kaya, amma babu malamin da ya gaya mana abin da ake yi idan farashin yana canjawa da wanda ke tsaye a wurin.

Na koma wajen mai walda raina a ɓace, na ce ya gaya mini wace maganarsa ce gaskiya. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni kamar ni ne mai abin mamaki. "Haba malam! Mutumin da yas sai mani injin walda, ni za ni dubi idonai in ce ba ya yiwuwa? Kara ta. Ai ya san nufina. Kuma kai am mai takarda, kai za ka hwaɗi." Sai a lokacin na gane kowa ya yi karar da ta dace da shi, ya tattara "a'a" ɗin garin gaba ɗaya ya ajiye mini. Abin da ban gane ba shi ne, shin Kawu ya san haka? In ya sani, me yake nema a wurina? In bai sani ba, yaya ya yi shekara talatin yana kasuwa? Na juya tambayar nan har kaina ya yi zafi, ban samu bakin zarenta ba.

Ranar da aka sa ta zo. Bayan la'asar Kawu ya zauna a kujera a tsakar gidanmu, Inna a tabarma tana gyaran shinkafa. Takardun biyu suna aljihuna. Ya ce, "To, ɗana, kuɗɗin gona sun isa?"

Na dubi mutumin da ya biya mini kowane kwabo na karatu, fuskarsa cike da murna. Na ce, "In sha Allahu, Kawu, in an lallaɓa."

Wallahi a zuciyata "a'a" na ce. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san in aka ce maka "in an lallaɓa", an sallame ka ne cikin mutunci. Na jira Kawu ya yi dariya ya canja magana, ko Inna ta ce a ƙara dubawa. Sai kawai ta ajiye faifai ta ce, "To, Yaya, na yarda." Na ce wa kaina wataƙila ita ma kara take yi, shi ma ya fahimta, maganar za ta mutu da kanta kamar yadda irin waɗannan maganganu suke mutuwa. Kullum sai in ce gobe zan same ta mu yi magana. Kafin goben tawa ta zo, an kira shaidu, an sayar da gona.

Ginshiƙi ashirin da 'yan kai aka kafa kuɗi suka ƙare. Ko burtali ba a kai ba. Kawu ya kira ni wurin, muka tsaya a gindin na ƙarshe. Na ciro takarda ta biyu na miƙa masa. Ya karanta har ƙasa, ya sake karantawa. Na zaci zai zage ni, da ma hakan ya fi mini sauƙi.

"Ni na san mutane kara suka yi mani," in ji shi. "Na daɗe da sani. Don haka nib ba ka aikin. Nic ce ɗana ya yi karatu, shi kam lamba za shi hwaɗa mani."

Ya yi ƙoƙarin fanso gonar, wanda ya saya ya ƙi. Ya ba Inna wata gonarsa ta tudu, amma tudu sai damina, ba ya ba da albasa. Ranin shekarar na ga mahaifiyata ta ɗauki kwando ta nufi kasuwa sayen albasa, matar da a da maƙwabta ke aikowa gidanta a ɗibar musu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Da ta dawo na durƙusa na gaya mata komai, har da cewa ni "a'a" nake nufi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na san wagga magana tun ba a haihe ka ba. In wani yah hwaɗa mani ita, ina ganewa. Ban zaci kai ma da ita za ka amsa mani ba."

Ta yafe mini tuntuni, ni ne dai ban gama yafe wa kaina ba. Har yanzu ina yi wa manya kara, ba zan ce na daina ba, da ita aka rene mu. Amma na koyi cewa duk wanda ya ɗora abincinsa a kan amsarka, ba ladabinka yake nema ba a wannan lokacin. Yau aikin ƙiyasi nake yi, kuma komai girman mutum, in abu ba zai yiwu ba, nakan gaishe shi da kyau, in durƙusa in ya cancanta, sannan in ce masa a fili, "Kuɗin nan ba za su isa ba."