Sodangi da Tattabarun Bariki

Sodangi baduku ne a cikin birnin Sakkwato. Yana da 'yar gona a Dundaye, yana kuma kiwon tattabaru a tukwanen da ya jera bisa katangar gidansa.

Bayan Nasara sun ci gari, aka gina wa wani Bature gida a bariki, da rumbun dawar dawakinsa a gefe. Tattabarun gari suka gano wurin. Su ci dawa, su yi kashi a baranda da bakin randa, kukansu ya hana Baturen barcin rana.

Wata safiya Mode, masinjan Baturen, ya yi sallama da Sodangi.

"An ce tsuntsayenka na. Gobe ka taho ka kore su."

"Ranka shi daɗe, ba ni ɗai ka kiwo cikin garin ga ba."

"To, hwaɗi sunan sauran."

Sodangi ya san su duka. Ya san farare na Lawali maƙwabcinsa ne, masu wuyan kore kuma na wata tsohuwa, Kande, wadda da su take ci. Washegari ya tafi barikin shi kaɗai.

Aka ba shi doguwar gora da tsumma a kanta. Daga hantsi har la'asar yana kewaya gidan, ya kora nan su sauka can. An hana shi jifa, an hana shi tsawa.

Matarsa Iyatu ta ce, "Malam, yanke naka ka huta. In babu su, mi za a riƙe ka da shi?"

Ya yanka su, ya raba wa maƙwabta naman, shi bai iya kai ko loma baki ba. Ya je ya gaya wa Mode. Mode ya shiga ciki, ya fito.

"Bature ya ce tun da kaz zo sun ragu. Ka zamna."

Damina ta wuce, ciyawa ta cinye geronsa. Masu kawo ɗinkin sirdi da layu suka koma wajen wasu. Ranar da ya kwanta ya ce ba shi da lafiya, dogari ya zo ya tsaya a zaure har ya fito.

Da aka canza wa Baturen gari, Sodangi ya ɗauka ya tsira ke nan. Sabon Baturen da ya gaji gidan ya tarar da mutum da gora a gindin bango, ya zaci haka tsarin gidan yake, ya sa a riƙa ba shi mudun dawa. Babu wanda ya yarda ya yi masa bayani.

Sai da kafaɗarsa ta daina ɗaga gorar aka sallame shi. Ya koma zaurensa, ya kakkaɓe tabarma, ya ɗauko fata da allura. Ya daɗe yana neman kafar allurar bai gan ta ba, sannan ya kira Iyatu ta zura masa zaren.