Sunan da Halliru Ya Ƙi Gyarawa

Halliru ɗan Babura ne. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya fara zama da tafireta a bakin kasuwa, yana buga wa fataken shanu na Nijar takardu. A bakinsu ya tsinci Faransanci, ba mai yawa ba, amma kunnensa ya san inda suke haɗiye ƙarshen kalma.

Da kuɗin man fetur ya zo, wani kamfanin gina hanya ya buɗe ofis a Kazaure. Alhaji Mamuda, shugaban akawuna, shi ya tsaya wa Halliru aka ɗauke shi aikin akawu. Shekara tara Halliru bai taɓa gaishe shi a tsaye ba.

Sai aka kawo kwamfuta. Akawu huɗu ne, ɗaya za a tura Kano ya koyo ta, a sallami sauran. Manhajar da ke cikinta sunan Faransanci gare ta, haruffa tara, ukun ƙarshe ba a faɗinsu.

Ranar zaɓe wani injiniya ya zo daga Legas. Alhaji Mamuda ya miƙe yana yi masa maraba, ya ambaci manhajar sau biyu, bai bar harafi ko ɗaya ba. Injiniya ya yi murmushi, ya juya ga Halliru.

"Malam, an ce ka zauna da mutanen Nijar. Yaya ake kiranta?"

Sunan yana kan harshensa. Ya dubi Alhaji, ya dubi masinjoji da direbobin da suka cika bakin ƙofa. Idan ya faɗa daidai, ya gyara wa dattijo magana a gaban yaransa ke nan. Ya sunkuyar da kai, ya faɗa yadda Alhaji ya faɗa.

"Ashe Faransancin naka na sayen akuya ne," in ji injiniya. Direbobi suka tuntsure da dariya.

Akawu na gaba, Lauwali, ya faɗa daidai. Aka rubuta sunansa.

Da aka watse, Alhaji ya tare shi a baranda.

"Haba Halliru, ka ba ni kunya. Ni fa na ce musu ka iya."

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji."

Ƙarshen wata aka sallame shi, yana da shekara arba'in da uku da 'ya'ya bakwai. Ya nemi aiki a ofisoshi biyar bai samu ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Roni, garin matarsa Tasalla, yana noman gero a gonar aro mai duwatsu har idonsa ya mutu.